Yatsan Malama da Kabewar Inna

Ba zan taɓa mantawa da 'yar ƙarar da ta ja min wannan abin ba, ko da yake ba ta ma kai a kira ta ƙara ba. Ina goge saman kanta ne da hantsi, hannuna ya bugi wani tsohon gwangwanin madara da ya maƙale a bayan kwanuka, na ji ya yi kacar-kacar. Na ɗauko na girgiza, ya sake yi. Da na mayar da shi inda na gan shi, da yau ba a sahun baya nake zama a Islamiyya ba.

Irin kabewa ne a ciki, an barbaɗe shi da toka. Nan take na tuna. Inna ce, mahaifiyata, ta ba ni wani zuwa da na yi gida Fammar shekarun baya, ta ce in shuka a gidana na Rano. Na ce to, na dawo na ɗora a kanta, goyo da hidimar gida suka sha kaina. Ba irin kabewar da ake jibgewa a kasuwa ba ce. Doguwar wuya gare ta, cikinta ja, ba ta sakin ruwa a miya, in kuwa aka yi taushe da ita har maƙwabta sai sun san an yi. Kakata ce ta zo da irin daga garinsu, tun daga nan babu daminar da ba ta hau dangar gidanmu ba.

Da yamma na kira wayar yayana na ce a ba ni Inna. Niyyata in ba ta dariya da sakarcina, sai na ji ta katse ni.

"Kika ce yana nan?"

"Yana nan, Inna."

"To ki riƙe shi da kyau. Nawa ɓera ya gama da shi bara. Na matar yayanki ruwa ya taɓa shi ya yi funfuna. Duk wadda na taɓa ba wa na aika an tambayo, babu. Na hannunki ne ya rage."

Na ce to bari in aiko mata. Ta ce gwiwarta ba ta barinta durƙuso yanzu, kuma awakin gidan ko tsinke aka dasa sai sun ɗanɗana. "Ki shuka rabi, ki ajiye rabi. In Allah ya sa ta yi, ki kawo min ɗaya in ga cikinta, in ɗebi iri."

Lokacin damina ta yi nisa. Gero ya wuce gwiwa, masu kabewa tasu ta riga ta fara yaɗo. Maigidan, Abban Walida (tela ne, amma a gona ya girma), ya ce an makara, sai dai in zan jure ba ta ruwa bayan sama ta ɗauke, za ta iya kaiwa. Ni kuwa da na ga za a haƙa ƙasa, sai zuciyata ta ce me zai hana a yi lambu gaba ɗaya. Na fara lissafa masa tumatir da salak da karas da kabeji. Ya ce, "Waɗannan ki bar su sai sanyi ya shigo. Yanzu ruɓewa za su yi. Ki zuba abin da ke son ruwa." Na tuna masa cewa na ci darasin noma a sakandare. Ya ce ya sani, ya ga takardar. (Gaskiyar magana, iyakar fartanyar da na riƙe a makaranta ita ce ta horo, ranar da muka makara.)

Akwai ɗan fili a bayan ɗakina, tsakanin katanga da rumfar da muke shan iska. Ya samo min taki a wajen wasu makiyaya ta hanyar Zinyau, busasshe, wanda ya kwana biyu. Na ɗaga ƙasa na yi 'yan tuddai don kada ruwa ya kwanta. Kuɓewa na jiƙa irinta ya kwana a ruwa kafin in binne. Alayyaho na gauraya irinsa da yashi na watsa, don ƙanana ne, in ba haka ba wuri ɗaya za su taru. Rama da yakuwa na jera su a jikin katanga. Ɗoɗɗoya na kafa ta a bakin makwarara, na'a-na'a kuwa na saka ta a fasasshen bokiti, don an gaya min in ta sami sake sai ta cinye gidan. Lalo ban shuka ba, da kansa ya zo cikin takin, na ce masa sannu da zuwa. Na kewaye duka da tsohon gidan sauro saboda kaji.

Abin mamaki, suka yi. Alayyaho kamar jira yake. Matsalata ɗaya ita ce ragewa. An ce in sun fito da yawa a cire wasu don sauran su samu wuri, ni kuwa in na kama ɗan tsiro da yatsu biyu sai in ji kamar zalunci zan yi. Duk wanda na cire sai na nema masa mazauni, a tsohuwar roba, a fasasshiyar tukunya, a gwangwanin fenti, har Abban Walida ya ce ya rasa inda zai tsuguna ya yi alwala.

Kabewar ce ta ƙi. Rabin da na shuka na yi ta jira shiru. Na tona ɗaya na duba, ya zama laka. Irin ya tsufa a gwangwani. Na tsaya da sauran rabin a tafin hannuna, na tuna maganar Inna, na kuma ce in na ajiye shi zuwa baɗi ai ƙara tsufa zai yi. Na yi bismillah na binne duka, ban gaya mata ba. A cikinsu ƙwaya ɗaya tak ta fito.

Wannan ɗayar kuwa ta yi ƙoƙari. Ta yi yaɗo ta kama ginshiƙin rumfa, ta haye sama ta baje ganye, ta sako wasu rassan ƙasa. Ta yi fure ruwan ƙwai, manya. Wata safiya na ga ɗan kabewa a gindin wani fure, bai fi ƙwan zabuwa ba, da ɗan wuyansa dogo irin na gidanmu. Na kira Walida, 'yata, lokacin tana shekara shida, muka tsuguna muna kallo kamar an yi mana haihuwa.

Duk wadda ta shigo gidan sai na kai ta ta gani. Kowacce kuma sai ta miƙa yatsa ta ce, "Lah, ga shi nan kuwa!" Ba a daɗe ba ya yi rawaya, ya yi laushi, ya faɗo.

Ina riƙe da shi Iya Tasalla ta leƙo. Maƙwabciyata ce, tsohuwa, katangar da ke tsakaninmu gajeriya ce, ba ta buƙatar sallama kafin ta san abin da ake ciki a gidana.

"Maman Walida, wa ya nuna shi?"

"Nuna shi kamar yaya, Iya?"

"Da yatsa mana. Ke 'yar Fammar ce ko 'yar ina? Ɗan kabewa ba a nuna shi da yatsa, ruɓewa yake. In za ki nuna, ki turo baki, ko ki dunƙule hannu. In kuma mutum ya yi mantuwa ya nuna, to maza ya ciji yatsan, sai abin ya warware."

Na san maganar, da ita muka tashi. Amma lokacin ina aji na sama a Islamiyyar matan aure, ilimi yana ta motsi a cikina yana neman hanyar fita. Na gyara tsayuwa na yi wa tsohuwar nan bayani, cikin ladabi dai, cewa wannan camfi ne, yatsa ba ya cutarwa ba ya amfanarwa sai abin da Allah ya ƙaddara. Ta saurare ni har na gama. Ta ce, "Haka ne, 'yar nan. Allah ya ƙara sani. Amma dai ki hana su nunawa." Ta sauke kanta.

Da abin ya tsaya a bakin katanga da da sauƙi. A makarantarmu Malama Sa'adatu tana da al'ada, lokaci-lokaci takan sa ɗaya daga cikinmu ta tashi ta yi wa aji nasiha a kan abin da ta zaɓa, don mu saba da magana. Malama babbar mace ce, a haife ta haifi wasunmu, ga tabarau ga natsuwa, ba ta ɗaga murya, kuma ita ce take karantar da yaranmu da safe ranakun Asabar da Lahadi. Da layi ya zo kaina, ban yi dogon tunani ba, na zaɓi camfi.

Wallahi na yi magana ranar. Na kawo na shara da dare, na kawo na ƙaiƙayin tafin hannu, na kawo na tsallake yaro. Sannan na zo kan kabewa. Na kwaikwayi yadda ake turo baki, aji ya fashe da dariya. Daɗin dariyar ya ɗebe ni, na ce, "Ni ina da kabewa a gida yanzu haka. Duk mai so ta zo ta nuna ta da yatsu goma, in ga abin da zai same ta." Malama ta gyaɗa kai ta ce madalla, haka ake son mace ta yi aiki da abin da ta karanta. Na zauna ina jin kaina kamar a ba ni aji.

Sai marka ta shigo. Sama ta rufe, yayyafi ba dare ba rana. Kuɓewa da rama sai murna suke, kullum ina tsinka ina aika wa maƙwabta, na yi kwaɗon rama har ya gundure mu. Kabewa kuwa ta ci gaba da abin da ta fara. Ta ɗaura ɗa, ya kai ƙwan kaza, ya yi rawaya, ya faɗo. Ta sake, ya faɗo. Inna kuma duk kiran da za mu yi, bayan gaisuwa sai ta ce, "Ya mutuniyar?" In ce tana nan lafiya, tana ta fure.

A nan ne na fara lura da wani abu a kaina, na kuma yi kamar ban lura ba. In ɗa ya faɗo, sai in tsinci zuciyata tana bin baya tana neman wadda ta shigo gidan kwanan nan. Wannan ai ranar da matar ƙanin maigida ta zo ne. Wancan kuwa mai kitso ce. Sai in yi a'uzu billahi in kama wani aikin. Na daina kai baƙi bayan ɗaki, na ce santsi ne a wurin. Na ɗaura igiyar shanya a gaban rumfar, kullum da zani a kai, ko ya bushe ba na saukewa, na ce wurin ya fi iska. Wata rana Abban Walida ya tambaye ni ina sabon ɗan da na ce ya fito, na ji bakina ya turo da kansa ya nuna masa. Ya dube ni, na yi sauri na mai da abin hamma. (A ranar nan kuma, Allah ya yafe min, na yi wa Walida faɗa don na gan ta tana nuna kabewar da dunƙulen hannu. Na ce wa ya koya mata aikin jahilci.)

Daga ƙarshe ɗaya ya tsaya. Ya wuce ƙwan kaza, ya wuce dunƙulen hannu, ya fara kama da kabewa sosai, yana reto a jikin ginshiƙin rumfa. Na yi masa majanyi da tsohon ɗankwali na ɗaure a sama don kada nauyi ya tsinke shi. Furen kuma ya fara ja baya, ganyen ƙasa sun fara tsufa. Na san in wannan ta tafi, irin kakata ya tafi, kuma a hannuna. Na gaya wa Inna kabewar ta ɗaura, ta yi ta sa albarka.

Ana nan sai Malama ta ce a aji ta ji labarin lambuna, tana so ta kawo mata su gani, don su san mace za ta iya fitar da kayan miyarta a ɗan fili ba sai ta jira cefane ba. Me zan ce? Na ce ina maraba. Na share gida, na dafa shayi da na'a-na'ar bokiti, na soya wainar fulawa. Zanin da ke kan igiya na tsaya na dube shi. Na ce in na bar shi za a ce ƙazama ce mai shanya a gaban baƙi. Na sauke.

Suka zo bayan la'asar, cike da tsakar gida, hijabai har ƙasa. Iya Tasalla ta ɗora haɓa a kan katanga. Walida tana maƙale da gefen zanina. Na shiga gaba ina bayani kamar malamar gona. Ga kuɓewa, a tsinke ta tun tana ƙarama kafin ta yi ƙarfi. Ga alayyaho, a yanka sama a bar gindin, zai sake tohowa. Ga yakuwa, a barbaɗa mata toka da safe saboda ƙwari. Ga ɗoɗɗoya, a riƙa cire kan don kada ta yi fure ta tsufa. Duk ina yi ina tafiya a karkace, bayana yana rufe ginshiƙin rumfa. Na kusa kai su ga tabarma da shayi ke nan, sai Hajara, wadda bakinta ba ya shiru a aji, ta ce, "To ina shahararriyar kabewar?"

Na matsa gefe. Aka yi ta masha Allah. Na lura, don idona a kan hannuwansu yake, babu wadda ta fito da hannu daga hijabi. Ashe duk dariyar da suka yi min a aji, kowacce da abin a ranta.

Malama ce ta matso. Ta gyara tabarau, ta ɗan sunkuya, ta ƙura wa kabewar ido. Sai na ga hannunta na dama ya fito daga hijabi a hankali, yatsa a miƙe.

Ban san lokacin da na yi ba. Har yau in an ce in rantse cewa ni na aiki hannuna, ba zan rantse ba. Ji kawai na yi tas! Na make hannun Malama, irin makewar da ake yi wa yaro in ya kai hannu wuta. Carbinta ya yi tsalle ya faɗa cikin alayyaho. Kuma da a nan na tsaya, da sai in ce sauro na gani. Amma bakina ya riga ya buɗe, da ƙarfi, har da riƙe mata wuyan hannu ina tura shi wajen bakinta:

"Ciji! Malama ciji yatsan! Maza ciji!"

Gidan ya yi tsit. Ina jin ɗigar ruwa daga indararo. Na dubi hannuna a kan hannunta, na saki kamar na taɓa garwashi.

Malama ta dubi yatsanta, ta dube ni ta saman tabarau.

"In ciji?"

"A'a, Malama. Wallahi ba... Don Allah ki yi haƙuri. Ban san..."

"Yatsu goma fa kika ce, Maman Walida," in ji Hajara daga baya. "Ɗaya kawai aka ɗaga."

Shi ke nan aka ɓarke. Wata ta toshe baki da hijabi kafaɗunta na rawa, wata ta zauna daɓas a kan turmi tana share hawaye. Iya Tasalla ba ta yi dariya ba. Cewa ta yi, da muryar mai jaje, "Ai da kin bari ta ciza, Malama. Yarinyar nan ta wahala a kan kabewar nan."

Ni dai ina durƙushe cikin alayyaho ina laluben carbi, don wurin ya fi ko'ina daɗin zama a lokacin. Na samo, na goge da gefen zani, na miƙa da hannu biyu, kaina a ƙasa.

"Tashi," in ji Malama. "Huda nake so in nuna miki. Bari in nuna da baki, kada in sha na biyu."

Ta turo baki wajen wuyan kabewar. Na duba. Wani ɗan ɗigo ne kamar bakin allura, da ɗan danƙo ya fito ya daskare a kai. Kullum ina kallon kabewar nan safe da yamma, ban taɓa ganinsa ba, don hankalina yana kan yatsun mutane. Ta ce wani ƙuda ne yake huda su tun suna ƙanana ya yi ƙwai a ciki, tsutsa ta cinye cikin, shi ya sa suke zubewa, kuma da marka ya fi yawa. A gidan mahaifinta, in ji ta, tun ɗan yana ƙarami ake naɗe shi da tsumma ruf, ba a bar ko'ina a waje. Majanyin da na yi gindin kawai ya rufe.

"Wannan za ta tsira, Malama?"

"Allah ne masani. Amma ni ban sa rai ba."

Aka sha shayi. An ce ya yi daɗi. Ni ban san ɗanɗanonsa ba.

Kabewar ba ta daɗe ba ta yi laushi ta wajen wuya, ta faɗo da kanta cikin ɗankwalin. Na fasa, ga tsutsa nan, 'ya'yan cikin kuma farare, ba su ƙosa ba. Walida tana tsaye tana kallo.

Kafin magariba labari ya zaga unguwa, amma ba labarin ƙuda ba. Labarin da ya zaga shi ne Malama ta nuna kabewar Maman Walida da yatsa, ta ƙi ciza, ga shi ta ruɓe. Wato nasihar da na tashi na yi don in kashe camfi, ni da hannuna na ba shi shaidar da bai taɓa samu ba a unguwar nan. Sai da Malama ta ɓata darasi guda tana warware maganar, ba ta ambaci sunana ba, ba ta kuma buƙaci ta ambata ba, don duk ajin juyowa suke suna kallona. Na je gidanta da kwando cike da kuɓewa da alayyaho na ba ta haƙuri. Ta karɓa, ta ce ta yafe tun a wurin, sai dai ta ce ban taɓa gaya mata ina da ƙarfin hannu haka ba.

Mai wuyar ita ce Inna. Na yi ta ɗaga kiran, har ita ta sa aka kira ni. Na gaya mata gaskiya duka, har da rabin da ta ce in ajiye ban ajiye ba. Ta ce, "To, Allah ya sa haka ne mafi alheri. Dama komai yana da ranar ƙarewa." Na ji hawaye ya zubo min. Har zan yi sallama sai ta ce, "Wa ya nuna ta?"

Na ce mata layin ba ya da kyau.

Ban tuge uwar kabewar ba. Ba don ina sa rai ba, tausayi ne kawai, irin wanda ya hana ni rage alayyaho. Ruwan wanke-wanke na ƙarshe, wanda ba sabulu, nakan juye mata a gindi bayan sama ta ɗauke. Da kaka ta yi, ganyen suka bushe, Abban Walida ya hau tsani zai jera harawar awaki a saman rumfa. Sai na ji ya ce, "Ke, zo ki karɓa." Ya miƙo min kabewa, doguwar wuya, ta ƙosa har ta yi fari-fari, ko ƙwarzane babu. Ashe tun tuni tana can kwance a kan zana, ganye ya lulluɓe ta, babu wanda ya san da ita.

Iya Tasalla ta leƙo ta ce, "Kin gani ko? Wannan wa ya nuna ta?" Da na gaya wa Malama, ta ce ƙudan ne bai same ta ba a ƙarƙashin ganye. Na ce wa Iya haka ne, na ce wa Malama haka ne. A raina na san Malama ce mai gaskiya, kuma na yi istigfari a kan abin da na yi. Amma na daina tashi in faɗa da ƙarfi.

Na rungumi kabewar a cinya a motar Kibiya, na hau babur da ita zuwa Fammar. Inna ta fasa da kanta, ta daɗe tana kallon jan cikin. Ta wanke irin ta shanya, ta raba wa duk matan gidan da na maƙwabta, ta ce ba za ta sake barinsa a hannun mutum ɗaya ba. Ni ma ta ba ni nawa, ta ce wannan karon kada ya kwana a kanta.

Abin da na koya bai da yawa. In ruwa ya yi nisa a zuba kuɓewa da rama da yakuwa da alayyaho, a bar tumatir sai sanyi. Ɗan kabewa a naɗe shi ruf tun yana ƙarami. Sannan kafin mace ta tashi a gaban jama'a ta ce abu ya fita daga zuciyarta, ta bari tukuna a taɓa abin da take tsoron rasawa, ta ga abin da hannunta zai yi.

Na ɗauka maganar ta mutu a nan. Wata Asabar Walida ta dawo daga makarantar safe, ta ajiye jakarta, ta ƙi cin ɗumame. Ta zauna a bakin ƙofa tana latsa cikinta da yatsa, ta latsa kumatunta, ta latsa wuyanta. Na ce lafiya? Ta ɗago, idonta ya ciko.

"Umma, yau Malama ta nuna ni da yatsa ta ce in tashi in yi karatu, kuma ba ta ciza ba. Ni yaushe zan fara ruɓewa?"